Tafiya Mabuɗin Ilmi: Abin Da Muka Gani A Tsaunin Tirumala

'Yan'uwa ɗalibai da ma'aikata, idan aka ambaci ƙasar Indiya a gaban Bahaushe, abin da yakan fara faɗo masa a rai shi ne silima. Tun wajen shekarun 1960 gidajen silima na Kano da Kaduna da Zariya da Jos suke nuna wasannin Indiya, har ya zamana yaron da bai taɓa wuce tashar motar garinsu ba yana iya jera maka sunayen 'yan wasan Bombai kamar 'yan unguwarsu. Amma da za ka tambayi ɗalibin jami'a, wanda ya kamata a ce ya fi kowa sanin duniya, yadda talakan Indiya yake zaune da iyalinsa, ko inda yake kai kukansa sa'ad da duniya ta yi masa zafi, ko yadda hukumarsa take riƙe shi idan ya taru da yawa, sai ka ga ya yi shiru.

Wannan ne ya sa muka ga ya dace mu kawo wa mujallarmu labarin wata tafiya da muka yi cikin shekarar 2024, lokacin muna karatu a birnin Cennai, watau Madaras ta da. Wani abokin karatunmu, mabiyin addinin Hindu, shi ya gayyace mu mu raka mutanen gidansu ziyara zuwa Tirupati da tsaunin Tirumala, a jihar Andhra Pradesh. Su shida ne: mahaifinsa, wanda akawu ne, da mahaifiyarsa, da kakarsa ta wajen uba wadda ta haura shekara saba'in, da shi kansa, da yayarsa tare da ɗanta mai shekara uku. Yaron ne sanadin tafiyar. Ya yi wata doguwar rashin lafiya, kakansa ya yi bakance cewa in ya tashi za su hau tsaunin a aske musu kai gaba ɗaya. Yaro ya tashi, alkawari kuwa kaya ne.

Ra'ayinmu, wanda za mu yi ƙoƙarin kafa masa hujja a nan, shi ne cewa tsarkin wuri magana ce ta masu imani da shi, amma kula da mutanen da suka taho wurin aikin hukuma ne, kuma ma'aunin wannan aiki shi ne halin da tsohuwa da ƙaramin yaro suke samun kansu a ciki sa'ad da suka shiga layi.

Mun sani wani zai ce, me ya haɗa mu da wurin bautar waɗansu? Tambayar tana bisa hanya, ga kuma amsarmu. Ba mu shiga haikalin ba. Ƙa'idar wurin ita ce duk wanda ba Hindu ba ne, in yana son shiga, sai ya sa hannu a takardar shaida cewa ya ba da gaskiya ga Venkateswara, abin bautar da aka gina haikalin dominsa. Mu ba za mu iya sa wannan hannu ba, masu masaukinmu kuma ba su nemi mu yi ba. Kakar abokinmu ce ma ta fara cewa, "'Ya'yana, ku tsaya inda zuciyarku ta tsaya, ku riƙe mana takalma." Muka tsaya a waje muka buɗe idanu. Sanin yadda wani yake tafiyar da al'amarinsa bai mai da mutum mabiyinsa ba, kuma wanda zai riƙe ofis gobe ba shi da uzurin jahiltar wurin da ake sarrafa taron da ya fi yawan mutanen wani babban gari, kullum rana ta Allah.

Daga Cennai zuwa Tirupati tafiyar kamar awa uku ce a jirgin ƙasa. Garin yana gindin jerin duwatsun Seshachalam, haikalin kuwa yana can bisa, a tsayin da ya haura mita 800, cikin ƙwanƙoli bakwai waɗanda masu ziyara suke ɗauka a matsayin kawuna bakwai na wani maciji a cikin labarun addininsu. Iyalin sun fara da haikalin Padmavati a Tiruchanur, kamar kilomita biyar daga gari, domin a wurinsu ita ce matar Venkateswara. Kashegari da asuba aka raba tafiya. Tsohuwa da yaro da uwarsa suka shiga motar safa, sauranmu muka nufi Alipiri, inda hanyar ƙafa take farawa.

Matakala 3,550 ne daga ƙasa zuwa bisa, kuma masu ziyara ba takalmi suke hawa. Mun ga mata suna sunkuyawa a kowace matakala suna shafa mata kurkum da jan gari, tun daga ta farko har ta ƙarshe. Mun ga masu kunna ƙwayar kafur, da masu hawan wani sashe da gwiwa, ga kiran "Govinda" yana tashi daga gaba, na baya suna amsawa. Wannan duk nasu ne. Abin da ya ja hankalinmu shi ne abin da hukuma ta tanada. An rufe saman yawancin hanyar domin rana da ruwan sama. Akwai famfo da makewayi da wurin hutawa a kai a kai. A gindin dutse ana karɓar kayan matafiyi a ba shi rasit, a kai masa su bisa kyauta, ya tarar da su suna jiransa. Duk wanda ya taɓa neman jakarsa a wata tasha har ya haƙura ya san darajar wannan ɗan rasit.

A bisa muka haɗu da sauran, aka wuce gidan aski da suke kira Kalyanakatta. Ɗaruruwan wanzamai ne, maza da mata, zaune a jere, ana aiki dare da rana. Ana ba kowane mai ziyara lamba da sabuwar reza tasa shi kaɗai, ba a karɓar ko kwabo. Da suka fito sai ga uba da ɗa da jika kai tal, an shafe shi da kwaɓin sandal saboda zafin rana, yaron yana ta shafa kansa yana kuka. Mahaifiyar abokinmu ma ta ba da gashinta, wanda ya kai mata har gadon baya. A nan ne labarin ya taɓo mu kai tsaye. Hukumar wurin tana tattara gashin nan, ta ware shi bisa tsawo da launi, ta yi gwanjonsa ga 'yan kasuwa, su kuma su wanke su gyara su fitar da shi ƙasashen waje. Nijeriya tana cikin manyan kasuwannin gashin kanti, kuma gashin Indiya yana cikin mafi tsada a wurin masu sayarwa. Saboda haka ba abin mamaki ba ne a ce wani gashin da amarya ta sa a nan gida, asalinsa bakancen wata matar manomi ne wadda ba ta da abin bayarwa sai shi.

Daga nan suka shiga layi. A farkon shekarun 1980 aka gina wani katafaren gini na jira mai suna Vaikuntam, daga baya aka ƙara na biyu. An raba su zaure zaure, kowane zaure da kujeru da fanka da ruwan sha da makewayi. Idan zaure ya cika sai a rufe, a buɗe na gaba, sa'an nan a riƙa sakin mutane zaure bayan zaure, yadda ba za su taɓa haɗuwa su zama ambaliya guda ba. Ana kawo musu abinci da madara a inda suke zaune. Mutum dubu sittin zuwa dubu tamanin ne suke bi ta wannan hanya a rana ta yau da kullum, a ranakun biki kuwa abin ya wuce haka. Mai bin layin kyauta yakan yi awoyi da yawa, wani lokaci kwana guda cur, domin ya tsaya gaban abin bautarsa na 'yan daƙiƙoƙi. Iyalin abokinmu sun shiga da hantsi, ba su fito ba sai bayan dare ya yi. Da muka tambayi tsohuwa ko ta gaji, sai ta ce ai ta sami wurin zama, jikanta kuma ya sha madara ya yi barci.

Mu da muke waje ba mu zauna da yunwa ba. Akwai babban gidan cin abinci inda ake ciyar da duk wanda ya shigo, ba a tambayarsa addini ko asali, ba a karɓar kuɗinsa. An soma wannan shiri na ciyarwa kullum a 1985, zamanin da N. T. Rama Rao yake shugaban gwamnatin jihar. Shi wannan mutum ɗan wasan silima ne da ya yi suna wajen fitowa a matsayin alloli a wasannin harshen Telugu kafin ya shiga siyasa. A kan ganyen ayaba aka zuba mana shinkafa da miyar wake da kayan lambu, muna zaune kafaɗa da kafaɗa da leburori da 'yan kasuwa. Wanda ya san tarihin bambancin asali a Indiya, inda a da akan hana waɗansu mutane ko kusantar ƙofar haikali, har sai da Madaras ta yi dokar buɗe musu ƙofa a 1947, tsarin mulkin 1950 kuma ya haramta ƙyamarsu, ya san cewa wannan zaman cin abinci tare ba ƙaramin abu ba ne.

Ina kuɗin yake fitowa? Masu ziyara suna da labarin cewa Venkateswara ya ci bashi wurin Kubera, mai taskar dukiya, domin aurensa da Padmavati, su kuma suna taya shi biya. Saboda haka kowa yakan jefa abin da ya samu cikin wani babban asusu da ake kira hundi, daga tsabar kuɗi har sarƙar zinariya. Al'adar ta daɗe. Rubuce-rubucen da ke jikin bangon haikalin sun adana kyautar wata sarauniya mai suna Samavai tun ƙarni na 10, kuma Krishnadevaraya, sarkin daular Vijayanagara, ya zo sau bakwai a farkon ƙarni na 16 ya bar dukiya mai yawa, har yau siffarsa da ta matansa biyu suna tsaye a ciki. A 1933 aka kafa hukumar da ke kula da wurin, Tirumala Tirupati Devasthanams. Kasafin kuɗinta na shekarar 2024 zuwa 2025 ya haura rupi biliyan 50, kuma a 2022 ta fitar da takarda ta bayyana cewa tana da ajiyar zinariya fiye da tan 10 a bankuna. Da wannan dukiya take riƙe asibitoci da makarantu da kwalejoji, ita ce kuma ta tallafa aka kafa Jami'ar Sri Venkateswara a 1954. Abin lura a nan shi ne ana ƙirga sadaka, ana rubutawa, ana bugawa a jarida, har talakan da ya jefa rupi goma yana iya tambayar inda ta tafi.

To, kada a ce mun je mun ga aljannar duniya. Da mun tsaya a nan da mun yi wa mai karatu rabin gaskiya. Akwai abubuwa huɗu da muke ganin sun cancanci suka.

Na farko shi ne sayar da layi. Ban da layin kyauta akwai tikitin rupi 300 mai rage jira ƙwarai. Tun 2019 kuma wanda ya ba da gudummawar rupi 10,000 ga wani asusu na hukumar yana samun damar shiga ta hanyar manyan baƙi. Ban da wannan akwai takardun alfarma da manyan 'yan siyasa suke rubuta wa mutanensu. Hujjar hukuma ita ce kuɗin mai hali shi ke ciyar da maras hali, kuma da shi ake gina wuraren bauta a unguwannin talakawa. Hujjar tana da nauyi, ba mu raina ta ba. Amma awoyin rana ba su ƙaruwa. Duk mintin da aka ba babban baƙo, daga lokacin mai layin kyauta aka yanko shi. Yawancin tikitin kuma ta intanet ake saye tun watanni kafin tafiya, watau wanda ba shi da waya mai kyau ko bai iya karatu ba an bar shi a baya tun kafin ya bar gida. Gaskiya ne an keɓe wa tsofaffi da naƙasassu da masu goyo hanya ta dabam, wannan kuwa abin yabo ne, sai dai bai share tambayar ba: in mutane sun yarda cewa daidai suke a gaban abin bautarsu, don me aljihu zai bambanta su a bakin ƙofa?

Na biyu shi ne shigar siyasa. Gwamnatin jiha ce take naɗa shugabannin hukumar, saboda haka in mulki ya canja hannu sukan canja. A watan Satumba na 2024 shugaban gwamnatin jihar, Chandrababu Naidu, ya yi zargin cewa a zamanin waɗanda ya gada an yi amfani da man shanu mai gauraye da kitsen dabba wajen yin laddu, watau dunƙulen alewar da ake ba masu ziyara su kai tsaraba gida. Waɗanda ake zargi suka musanta. Magana ta kai Kotun Ƙoli, wadda ta nuna rashin jin daɗinta da yadda aka fito da zargin a bainar jama'a kafin bincike ya kammala, sa'an nan ta kafa kwamitin bincike mai zaman kansa a watan Oktoba. Ko ta wane gefe aka duba, wanda ya yi asara shi ne mai ziyara, domin an sa masa shakka a cikin abin da ya ɗauka mai tsarki, an kuma mai da imaninsa makamin jam'iyya.

Na uku shi ne dutsen kansa. Daji ne da aka keɓe, mazaunin damisa da barewa, kuma a wannan yanki ne jan itacen sandal mai tsada yake fitowa, wanda masu fasa-ƙwauri suka addaba. A watan Afrilu na 2015 jami'an tsaro suka harbe masu saran itace 20 a dajin, abin da ya jawo ƙorafin masu kare haƙƙin ɗan Adam. A watan Nuwamba na 2021 ruwan sama mai ƙarfi ya lalata hanyoyin hawa. A watan Agusta na 2023 damisa ta kashe wata yarinya 'yar shekara shida a kan matakalan Alipiri ɗin nan da muka hau, bayan haka aka taƙaita lokacin hawan yara, aka kuma riƙa raba wa matafiya sanduna. An hana robobi a bisa tsaunin, wannan mataki ne mai kyau. Amma dutse yana da iyakar abin da zai ɗauka, kuma hukumar da take alfahari da ƙaruwar baƙi kowace shekara lalle ne wata rana ta zauna ta yanke wannan iyaka da kanta.

Na huɗu shi ne mafi ciwo. Ran 8 ga Janairu, 2025, mutum shida suka mutu, da dama suka ji rauni, a turmutsitsin da ya auku a garin Tirupati wurin rabon tikitin wani biki da ake kira Vaikunta Ekadasi. An sanar cewa za a fara rabo da asubar kashegari, jama'a suka taru tun da rana, aka tsare su a wani fili. Rahotanni sun nuna cewa da aka buɗe ƙofa domin a fitar da wata mata da ba ta da lafiya, na baya suka zaci rabo aka fara, suka danno. An dakatar da jami'ai biyu, aka yi wa waɗansu canjin wurin aiki, aka biya diyya. Abin da za a lura da shi shi ne wannan bai faru a gidan jira na bisa ba, inda aka raba mutane zaure zaure. Ya faru ne a wurin wucin gadi, inda aka tara dubbai a bayan ƙofa ɗaya ba tare da mai gaya musu abin da ake ciki ba. Hukumar da ta ƙware shekara arba'in a bisa dutse ta yi sakaci na yini ɗaya a gindinsa, rayuka shida suka salwanta.

A hanyar komawa iyalin suka tsaya a Srikalahasti, haikalin Shiva da ke bakin kogin Swarnamukhi, tafiyar ƙasa da awa guda daga Tirupati. A nan mahaifin abokinmu ya nuna mana doguwar hasumiyar ƙofa, ya ce sabuwa ce. Ta asali, wadda Krishnadevaraya ya gina a 1516, ta rushe a watan Mayu na 2010, bayan an daɗe ana ganin tsaga a jikinta. Allah ya kiyaye, an kwashe mutane daga kewayenta kafin ta faɗi. Gini ya yi kusan shekara 500 a tsaye, abin da ya kā da shi shi ne jinkirin gyara.

'Yan'uwa, masu iya magana sun ce in ka ga gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa. Mu ba baƙin wannan baƙin ciki ba ne. Ran 24 ga Satumba, 2015, a turmutsitsin Mina, Nijeriya ta rasa alhazai sama da ɗari biyu, cikinsu har da Hajiya Bilkisu Yusuf da Farfesa Tijjani El-Miskin. A gida ma mun sha jin an tattake mata da yara wurin rabon zakka ko shinkafa. Duk lokacin da haka ta faru sai a ce jama'a ba su da haƙuri. Mu dai abin da muka gani da idonmu ya saɓa wa wannan. Mun ga mutum dubu saba'in, yawancinsu talakawan ƙauye, suna jira yini guda ba hayaniya, saboda an ba su wurin zama, an ba su ruwa, kuma sun tabbata layinsu zai zo. Taro iyalai ne, kowa da tsohuwarsa da ɗan jaririnsa, kuma ba ya zama abin tsoro sai an tsare shi cikin duhu an bar shi da jita-jita.

Da yawa daga cikin masu karanta wannan mujalla za su sami kansu a hukumar alhazai, ko ofishin ƙaramar hukuma, ko kwamitin shirya taro, ko teburin rabon kayan agaji. Muna roƙonku ku riƙe abubuwa kaɗan. Ku raba taro kashi kashi tun kafin ya taru. Ku sa mai sanarwa ya riƙa faɗa wa mutane gaskiyar abin da ake ciki, ko da labarin jinkiri ne. Ku rubuta duk abin da aka ba ku amana, ku karanta shi a fili. Idan takardar alfarma ta zo daga wani babba, ku tuna cewa lokacin da za ku ba mutuminsa na wata tsohuwa ne da ta riga shi zuwa. Idan kuma kun ga tsaga a bango, ku rubuta rahoto yau, ku bi shi gobe. Kowa ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski, mu kuwa da kuɗin talaka aka yi mana karatu.

Da jirgi ya tashi daga Tirupati, tsohuwa ta kwance ƙullin mayafinta ta ba kowannenmu ayaba da gyaɗar da ta saya a tasha, domin ta lura ba za mu ci laddu ba, ba ta kuma ce kome ba a kan haka. Yaron yana barci a cinyarta, kansa yana ƙamshin sandal. Muna fatan wata rana tsohuwa irinta a ƙasarmu za ta fito daga layin wani ofishi da ɗayanmu yake shugabanta, a tambaye ta ko ta gaji, ta ce ai ta sami wurin zama.